Kwalaben Kaikai

Shekara bakwai cur Dakta Rauda Dalhatu ta yi a matakin da ke ƙasa da farfesa, tana kallon yaran da ta koya wa riƙon sirinji suna wuce ta ɗaya bayan ɗaya. Ba rashin iyawa ba ne, wallahi. A asibitin koyarwar da take aiki ita ce shugabar ɗakin gwajin jini, kuma duk sakamakon da bai ɗauki sa hannunta ba sai manyan likitoci sun juya shi sun sake juyawa kafin su yarda da shi. Abin dai shi ne jami'a ba ta ƙirga iya aiki, takardu take ƙirgawa. Sau biyu ana zama a kan maganarta. Na farko yajin aiki ya cinye shi. A na biyu aka ce saura mata takardar bincike guda mai nauyi, wadda za ta fito a mujallar da ake jin kunyarta. Guda ɗaya tak.

Ita kuwa ba don a kira ta da sunan a taro take son abin ba. Goggo Hawwa'u take ji. Goggon nan ita ta ɗauke ta tana 'yar shekara huɗu, ranar da aka binne mahaifiyarta, ta raine ta a Kaikai ta ƙasar Kusada da sana'ar fura. Yanzu ta haura tamanin, amma bakin nan nata yana nan da kaifinsa. Duk sallah sai ta tambaya ko an ba da sarautar karatun. Rauda ta ce saura kaɗan. Goggo ta ce to su dai yi sauri, don ita ba girke ta aka yi a duniya ba. Sai a yi dariya. Rauda ma ta yi, amma ita likita ce, ta san abin da kumburin ƙafar nan da numfashin sama-sama suke nufi, kuma tsoro take ji ƙwarai.

Binciken da ta ɗauko mai kyau ne, ko maƙiyinta ba zai ce ba haka ba. Ma'aunin da asibitocinmu ke duba maiƙon jini da shi, a jikin mutanen wasu ƙasashe aka tsara shi, mutanen da ba su san fura ba balle kindirmo. Ita tana so ta san yadda jinin namu mutanen yake. Sai ta shirya ɗibar jinin manoma ɗari da ashirin a Sukuntuni ta ƙasar Kankia, da na makiyaya ɗari da ashirin a rugagen da ke kewaye da Kaikai, ta kwatanta. Sharaɗin ɗaya ne, kuma duk aikin a kansa ya tsaya: daga sallar isha'i kada mutum ya sa komai a baki sai ruwa, har a ɗebi jininsa da safe. Don in mutum ya ci abu mai maiƙo, na 'yan awoyi jininsa zai nuna abin da ya ci ne, ba yadda jikinsa yake ba.

Sukuntuni ba ta ba da wahala ba. Mai unguwa ya sa aka yi shela, aka ara musu aji ɗaya a makarantar firamare, manoma suka zo suka miƙa hannu suka koma gona suna mita. Kaikai ce ta yi gardama. Bafulatani ya ba baƙo jininsa a kwalba, a tafi da shi birni? Aka yi ta kai gwauro ana kai mari, har Rauda ta fara tunanin haƙura. Goggo ce ta raba gardamar. Shekara arba'in tana sayen nono a hannun matan rugagen nan, ta je sunan 'ya'yansu, ta je sunan jikokinsu. Ta aika wa Modibbo Ummaru, dattijon da in ya ce a zauna ake zama, ya aiko da amsa cewa in dai a zauren Hawwa'u za a yi, shi ne zai fara miƙa hannu.

Haka aka tsara. Rauda ta sauka a Kankia, saboda can ne akwai firij mai sola da injin juya jini. Abokin aikinta shi ne Malam Gajere, tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji wanda ya kusa ritaya, mutum mai tsabta da yawan ƙorafi. Kullum da safe sai su ɗora kular ƙanƙara a mota su kama hanyar Kusada, ga ramuka, ga shanu suna tsallaka titi a kan nasu lokacin, ba sa isa Kaikai sai wajen ƙarfe tara. Makiyayan kuwa tun bayan asuba suke baro ruga da ƙafa. Kafin motar ta iso sun yi awa biyu ko uku a zauren Goggo, a jere a kan tabarma, sanduna a jingine, ba mai ko tari.

Rauda ba ta wasa da ƙa'ida. Kowa ya zauna gabanta sai ta tambaye shi ko tun isha'i bai sa komai a baki ba. Sai mutum ya sunkuyar da kai ya kama kallon yatsun ƙafarsa, ya ce, “To, Likita.” Ta san kunyar Fulani tun tana yarinya, ba ta ga abin mamaki ba. Sai ta ja alama a takarda ta ɗaura masa roba a dantse. Har ta riƙa yaba su ga Gajere, wai dubi mutanen da suka yi tafiyar awa guda da yunwa, amma ba wanda ya ga jiri ko da sau ɗaya, su kuwa manoman Sukuntuni har uku aka yi wa fifita.

A Kankia ake sa kwalaben a inji ya juya su, jan ya kwanta ƙasa, ruwan ya taso sama. Na Sukuntuni sai ya fito garau kamar man gyaɗa. Na Kaikai kuwa, kwalba bayan kwalba, sai ya fito da hazo fari-fari kamar an wanke ƙwaryar nono a ciki. Da aka auna, maiƙon wasu ya ninka na manoma sau uku.

Gajere ya ɗaga kwalba ɗaya saitin taga ya daɗe yana kallo. Ya ce shi dai shekara talatin yana juya jini, kuma irin wannan a hannun wanda ya taso daga walima kawai yake ganinsa. Rauda ta cire tabarau ta yi masa lacca ta minti ashirin a kan mutanen da kakannin kakanninsu suka rayu a kan nono da man shanu, da yadda jiki ke sabawa da abincinsa. Ta ce ai ta tambaye su ɗaya bayan ɗaya, shi ma yana wurin. Gajere ya ce haka ne, ranki ya daɗe, ya mayar da kwalbar. Gaskiyar magana, da ɗalibi ne ya kawo mata kwalaben nan, da ta kore shi ya je ya sake ɗiba. Amma nata ne, kuma abin da ta gani ya yi mata daɗi.

Ba ta tsaya a rubutu ba, don tana da tausayi. Mutum arba'in da bakwai da nasu ya fi yawa ta tara, ta ce su bar man shanu, su rage nono sosai, in ba haka ba zuciya na iya bugawa. Ka ji fa, a ce wa Bafulatani ya bar nono. Modibbo Ummaru yana cikinsu. Ya saurara har ta gama, ya ce tunda ɗiyar Hawwa'u ce ta faɗa, shi ke nan.

Wata shida bayan haka mujallar da ta aika wa takardar ta amsa. Sun karɓa, har editan ya ƙara da cewa abin ya ba su mamaki. Rauda ta karanta saƙon sau huɗu a ofis, ta rufe ƙofa ta taka rawa ita kaɗai, mace mai shekara hamsin ba ɗaya. Ta sa wasiƙar a fayil ɗinta na ƙarin girma, wanda za a rufe ranar Juma'a a aika wa masu tantancewa. Ta aika wa Goggo saƙo cewa wannan karon kam an kusa da gaske.

Ranar Litinin ta makon da za a rufe fayil ɗin ta zo Kankia don ta sake duba goma daga cikin mutanen da ta hana nono. Da yake Goggo ba ta jin daɗi, ba ta so a cika mata gida, sai ta aika da mota ta kwaso su daga ruga kai tsaye zuwa Kankia. Suka iso da sassafe, aka ɗiba, Gajere ya kunna inji.

Duk goman suka fito garau.

Rauda ta tafa hannu. Ta ce ga shi nan, shawararta ta yi aiki, ga ma takarda ta biyu ta samu. Ta leƙa baranda inda suke zaune don ta yi musu albishir, a nan ne ta lura da Modibbo da kyau. Dattijon ya zube. Rigar da ta san shi da ita ta yi masa yawa, ƙasusuwan wuyansa sun fito. Ta tambaye shi ko ciwo ya yi, ya ce a'a, lafiya lau, tuwo ne dai bai zauna masa sosai ba. Wata shida ke nan ko ludayi ɗaya na nono bai sha ba, in matarsa na tatsa sai ya juya baya ya ja carbi.

Ta shiga yaba musu da suka riƙe doka. Wani mai suna Mamuda, magidanci mai fara'a wanda ba ya iya riƙe magana, ya fara murmushi yana sosa ƙeya. Da ta matsa masa, ya ce a gafarce shi, shi kam kwana biyu ya gwada ya ga ba zai iya ba. Kullum sai ya sha, safe da yamma, har da man shanu a tuwo. Jiya da isha'i ne kawai ya tsaya, kamar yadda aka ce.

Gajere na tsaye a bakin ƙofa da kwalbar Mamuda a hannu. Ya dai ɗaga ta saitin haske yadda za ta gani, ruwan nan garau, sannan ya koma ciki ya kama goge teburin da ya riga ya goge.

Rauda ta yi lissafi a ranta. In nono ne ke sa hazon, to na Mamuda ya kamata ya fi na kowa. Abu ɗaya ne ya bambanta yau da wancan karon, shi ne yau ba su bi ta zauren Goggo ba. Ta ja kujera ta zauna kusa da Modibbo, ta rage murya.

“Baba, na haɗa ka da Allah. Ranar da na ɗebi jininka a Kaikai, ka sha wani abu kafin in iso?”

Dattijon ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce tunda ta haɗa shi da Allah, ba shi da wurin ɓuya. Sun baro ruga da ciki wayam, wannan gaskiya ne, ko ɗaya bai karya ba. Amma suna zama sai ga Hawwa'u da ƙwarya, fura damammiya da kindirmo mai kauri, har da sukari. Wanda ta ga ya yi laushi kuma ta ƙara masa da ɗumame, man shanu na kwance a kai. Kullum haka, har aka gama. Ya ce ita ma ta sani, baƙo ba ya ture ƙwaryar mai gida, in ya ture ya zage ta. Kuma Hawwa'u ta ce kada a dami yarinyar da wannan zance, abubuwa sun yi mata yawa a ka.

Rauda ta ce to da ta tambaye su fa, me ya hana ko mutum ɗaya ya faɗa?

“Haba Likita,” in ji Modibbo. “Wa ke kai ƙarar uwa wurin ɗiyarta?”

Hanyar Kusada ba ta taɓa yi mata gajarta irin ta ranar ba. Ta shirya maganganu masu zafi tun daga kwanar Kankia, ta jera su, ta sake jerawa. Ta iske Goggo a tsakar gida bayan azahar, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, tana ba Lailatu, matar jikanta da ke kula da ita, umarnin yadda ake tankaɗe kamar yau ta fara. Rauda ta gaishe ta a gajarce ta faɗi abin da ta ji.

Ko gezau Goggo ba ta yi ba. Ta ce ƙwarai ta ba su, kuma gobe ma in sun zo za ta ba su. Mutane su taso tun duhu, su zauna a zaurenta, a zuƙe musu jini, su koma da yunwa? A ce a gidan wa aka yi haka? Ita da ake kwatance da furarta har Kankia? Ta ce ita fa ta ɗauka wannan dokar irin tsananin 'yan boko ne, kamar yadda suke cewa a wanke hannu sau goma. Kuma ai taimaka mata ta yi, don jinin mai yunwa wane kirki zai yi a kwalba.

Duk maganganun da Rauda ta jero suka watse. Dariya ta so kama ta, kuka ma ya so kama ta. Ta zauna a gefen tabarmar ta yi bayani a hankali, da kalmomin gida, cewa abin da ta auna ta rubuta ta aika wa duniya ba jinin Fulani ba ne, furar Goggo ce. Kuma a kan wannan takardar ce sarautar ta tsaya.

A nan fuskar tsohuwar ta sauya. Ta sallami Lailatu ta ce ta je ta duba awaki. Ta tambaya su waye suka sani. Rauda ta ce ita, da Gajere, da mutanen ruga.

“To mi ya yi zafi?” in ji Goggo. “Mutanen da suka rufa mani asiri wata shida, ke za su tona ma? Gajere kau ki bar ni da shi. Ki yi shiru har Juma'a ta wuce, a ba ki abinki.”

Kada wanda ya ce maganar ba ta shige ta ba. Ta shige ta sosai. Gaskiya Goggo ta faɗa, ba mai tonawa. Editan yana wata ƙasa, masu tantancewa takarda kawai za su gani, mutanen ruga kuwa ko da wuƙa ba za su buɗe baki ba. Kwana huɗu ne kacal. Ta dubi ƙafafun Goggo, ta ga kumburin ya haura har ƙwauri, kuma ta san lissafin da ba ta so ta sani. Ta ji tana so ta yi shirun nan fiye da duk abin da ta taɓa so.

Amma ta san yadda takarda ke tafiya in ta fita. Wani likita a Maraɗi ko Yola zai karanta, ya ga sunanta a sama, ya yarda, don an saba yarda da sunan. Sai ya dubi wani dattijo irin Modibbo, lafiyarsa ƙalau, ya ce masa ya bar nono. Ita ta riga ta yi wa mutum arba'in da bakwai haka, kuma ta ga yadda ɗaya ya koma. Laifin ma ba na Goggo ba ne. Goggo ta yi abin da ta sani. Ita ce aka nuna wa kwalba a saitin taga ta ƙi gani.

A Kaikai waya ba ta kamawa sai a kan tudun bayan makaranta. Can ta hau da la'asar, da takalmin ofis, awaki na kallonta. Ta rubuta wa editan layi biyar: samfuran makiyaya ba na masu yunwa ba ne, kuskuren nata ne, tana janye takardar. Ta rubuta wa sakataren kwamitin ƙarin girma ya cire wasiƙar daga fayil. Saƙon ya ƙi tafiya, ya yi ta juyawa, sai da ta ɗaga wayar sama kamar mai kiran shaho sannan ya wuce. Daga nan ta kira Gajere ta ce ya gaya wa Modibbo kafin mota ta mayar da su, ya sha nononsa yau ɗin nan, shi da sauran duka, gobe za ta zo ruga da kanta ta ba su haƙuri. Gajere ya ce ai tuni ya saya wa dattijon ƙwarya guda a bakin tasha, yana nan yana sha har da lumshe ido.

Da ta dawo gida Goggo ta dube ta sau ɗaya ta gane. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaya yanzu sai yaushe.

Rauda ta zauna ta lissafa mata da gaskiya. Makiyayan sun kusa tafiya kudu, sai damina ta dawo da su a sake ɗiba. Sannan awo, sannan rubutu, sannan jiran mujalla, sannan jiran kwamiti ya zauna, sannan masu tantancewa su ga dama. In komai ya tafi daidai, shekara uku.

Goggo ta murza gwiwarta. Sannan ta ɗaga murya ta kira Lailatu, ta ce ta shiga ɗaki ta buɗe adaka, can ƙasa ƙarƙashin zannuwan gado akwai ƙulli, ta ɗauko. Atamfa ce shuɗiya mai zanen ganye, an ɗinke ta riga da zane da ɗankwali, ko ninkin tela bai warware ba. Ta ce tun ranar da saƙon Rauda ya iso ta aika Kankia aka ɗinko mata, don ba za ta shiga taron manya da tsohon zane ba.

Ta shafa ta sau biyu, ta miƙa wa Rauda.

“Ki tafi da ita wurinki, nan asu na iya ci. In na kai, ki kawo mani in ɗaura. In ban kai ba, tsawonmu ɗaya, sai dai a ɗan rage maki hannu.”

Rauda ta karɓa ta ɗora a cinya. Goggo ta juya ta ce wa Lailatu ta ɗora ruwa, likita ba ta ci komai ba tun safe.